Jar Saniya a Kan Taswira

Ni ban taɓa ganin ƙanƙara ta rufe ƙasa ba. Iyakar wadda na sani ita ce mai biyo ruwan farko ta huda ganyen masara. Amma akwai shekarar da na yi aiki da mutanen ƙasar ƙanƙara, kuma aikin nan ne ya nuna mini wani irin tsoro da ban san da shi ba, duk da cewa a Zamfara na tashi, inda tsoro ya daɗe da zama ɗan gida.

A lokacin ina sashen kula da lafiyar dabbobi a Gusau. Gidanmu gidan ma'aikata ne tun kakanni, amma mahaifiyata, wadda muke kira Inna, Bafulatana ce daga rugagen bayan Bungudu. Saboda haka duk aikin da ya shafi makiyaya ni ake turawa, wai ina jin yarensu. Fulatancina bai wuce gaisuwa da zagi ba, sai dai ofis bai taɓa tambayata ba, ni ma ban kai kaina ba.

Wata rana aka haɗa ni da wata Baturiya mai bincike. Ta fito ne daga can ƙuryar arewacin duniya, inda ta ce rana kan yi watanni ba ta fito ba. Na ɗauka irin Turawan nan ce masu tsoron kashin shanu, sai na ga ta durƙusa ta buɗe bakin maraƙi tana duba haƙoransa. Ashe ita ma 'yar makiyaya ce. Danginta suna kiwon wata dabba mai kama da barewa, mai ƙaho rassa-rassa, wadda ke tone ƙanƙara da kofato ta ci abin da ke ƙarƙashi. Ta ce yanzu ƙanƙarar kan narke ba a lokacinta ba, ta sake daskarewa da tauri, dabbobin su kasa tonewa. Binciken nata shi ne a ga yadda makiyayan can da na nan suke sauya hanyoyin kiwo tun da yanayi ya rikice. Za a ɗaura wa dabba ɗaya a garke wata 'yar na'ura a wuya, ita kuma ta riƙa gaya wa tauraron ɗan'adam inda take. Daga nan sai wurin ya fito a matsayin ɗigo a kan taswira a intanet.

Na tambaye ta wa zai ga taswirar. Ta ce kowa. Kuɗin binciken na jama'a ne, don haka abin da aka gano ba a kulle shi a ɗaki. Ɗalibin da ke kowace ƙasa yana da ikon ya buɗe ya yi karatu da shi. Maganar ta yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba. Na sha ganin masu bincike sun zo sun ɗebi jinin shanunmu sun tafi, ko wasiƙar godiya ba mu sake gani ba.

Kawuna, ƙanin Inna, shi muka fara nema. Muka same shi a gindin wata tsamiya a bayan Bungudu, na yi masa bayani dalla-dalla, ban rage komai ba. Ya daɗe yana juya na'urar a hannunsa.

"Ƙarhen ga, wa ka ganin inda ya shiga?" ya tambaye ni.

Na ce, "Kowa, Kawu. Duk mai waya babba."

Ya miƙa mini abina, ya ce to a bar zancen. Baturiyar ba ta ji haushi ba. Ta ce danginta ma haka suka yi mata da farko, domin ba sa son baƙi su san inda dabbobinsu ke haihuwa. Ta buɗe kwamfuta ta nuna masa dabarar da suka yi a can: a zana babban da'ira mai launin toka a kan taswira, duk abin da ke cikinsa ba mai gani. Sai dabba ta fita daga da'irar ne ɗigonta zai bayyana. Kawu ya sa ta faɗaɗa shi har ya haɗiye rugarsa da mashayar rani da duk inda shanunsa ke kwana. Ya sa ta ƙara, ta ƙara. Sannan ya yarda. Ta yi masa alkawarin ba za a taɓa da'irar ba, shi kuma ya yi mata alkawarin ba zai kwance na'urar ba sai ta dawo. Aka ɗaura wa wata jar saniya, wadda ta fi kowace kyau a garken. Na koma Gusau ina ganin mun yi abu bisa ƙa'ida, kuma har yau ina ganin haka.

Akwai wani taubashina, ɗan babban kawuna marigayi. Tare muka yi ƙuruciya duk lokacin da Inna ta kai mu ruga hutu. Yana kirana 'yar birni mai tsoron ƙuda, ni kuma ina kiransa mai warin nono. A shekarar da ta gabaci wannan aiki mutanen daji suka kore shanunsa kaf, suka tafi da shi. Ya yi watanni a hannunsu kafin Allah Ya ba shi sa'a ya tsere. Matsalar ita ce ya ga fuskoki, kuma a cikinsu akwai waɗanda ya sani tun suna yara. Mutumin da ya ga irin wannan ba a barinsa. Ya kwashe matarsa da 'ya'yansa ya ɓace. Wasu suka ce ya tsallaka Nijar, wasu suka ce kudu ya yi. Inna ta hana mu ko ambatonsa a gaban baƙi.

Watanni suka wuce, jar saniya na cikin da'irarta, ba a ganin komai. Har na daina buɗe shafin.

Ran nan da hantsi wani abokin aikina ya shigo ofis yana dariya, waya a hannu. Irin mutanen nan ne da ba su da mugunta, ba su kuma da linzami a baki.

"Hajiya, saniyar Kawunki ta yi bulaguro! Ga ta can wajen 'Yandoto. Yanzun nan nike nuna ma mutane wurin mai shayi, kowa na mamaki."

Na fizge wayar. Ga layin ɗigo-ɗigo ya fito daga da'irar toka, ya zagaye Gusau ta daji, ya gangara ta wajen Tsafe, ya tsaya a wani wuri da ba gari ba ne, ba kasuwa ba. A nan ɗigon ya taru ya yi cunkus, alamar ta kwana biyu a wurin. Na tambaye shi su wa da wa ya nuna wa. Ya ce oho, mutane dai, masu shan shayi. Abin da na faɗa masa a ranar ba zan rubuta shi ba. Sai da aka shiga tsakaninmu.

Tunanina na farko shi ne an sace shanun Kawu. Na kira wayarsa, ba ta shiga, domin lokacin sabis ya yi ƙaura daga ƙauyukanmu. Abin haushi, wayar mutum ba ta aiki, amma ta wuyan saniya ko gezau, tunda ita da sama take magana. Na rubuta wa Baturiya saƙo. Nan take amsa ta dawo, irin wadda kwamfuta ke bayarwa da kanta: ta bi garke cikin ƙanƙara, ba za a same ta ba sai bayan wasu makonni. Na rubuta wa ofishinsu, shiru. Shafin kuwa ba hannun mutum yake jira ba, safe da yamma shi ke ƙara wa kansa sabon ɗigo.

Na shiga motar Bungudu, daga can na hau babur ɗin kabu-kabu zuwa ruga. Na tarar da shanun Kawu lafiya lau suna tuƙa, shi kuma yana gyaran igiya. Na ce ina jar saniya? Ya ce tana nan lafiya. Na ce ban gan ta ba. Ya dubi gabas ya dubi yamma, ya rage murya.

"Na ba da ita habbanaye."

Na san kalmar tun ina yarinya. Idan ɗan'uwa ya rasa dukiyarsa, ba a ba shi sadaka, domin sadaka tana karya mutum. Sai a ɗauki saniya mai kyau a kai masa aro, ya sha nononta, ta haifa masa 'yan maruƙa su zama nasa, sannan ya mayar da uwar. Ba a shela, ba a kuma ba da ramammiya. Wadda ka fi so ita kake bayarwa. Ban tambayi wa ya ba ba. Na riga na san taubashina ne, na nemi turmi na zauna.

"Kawu, da na'urar a wuyanta?"

"To ni na yi alkawali ba ni kwance ta. Kuma ai kun ce an ruhe, ba mai gani."

A ganinsa saniyar aka rufe. Bai ɗauka ƙasar aka rufe ba. Na buɗe baki in yi masa faɗa, na rasa ta inda zan fara, domin bai saɓa wa kowa ba. Ya cika alkawarin baƙuwa, ya cika haƙƙin ɗan ɗan'uwansa. Baturiya ta tambayi mai saniya izini, ta samu. Ba wanda ya tambayi taubashina, domin ba wanda ya kawo a ransa cewa saniya tana iya sauya gida ba a sayar da ita ba. Ni da na san al'adar ma ban ga ta inda za ta haɗu da taswira ba.

Na yi masa bayani. Ina kallon fuskarsa tana sauyawa. Shi ne ya faɗi abin da nake gudun faɗa.

"Waɗanda ka biɗa tai, su ma ɗiyan ruga na. Sun san ni a kawunai. Sun san wanda anka kore ma shanu, danginai ka kai mai saniya."

Ba sai sun iya Turanci ba, ba sai sun mallaki kwamfuta ba. Ya isa a ce wani mai kai musu rahoto ya sha shayi a Gusau da safen nan, ya ji cewa saniyar wane ta bar Bungudu ta je ta tsaya a dajin 'Yandoto.

Kawu ya ce zai tafi da kansa. Na hana shi. Bafulatanin da aka sani, ya hau hanyar Tsafe yana tambaya, ai jagora ya zama. Ni kuwa mace ce da jakar magungunan dabbobi, kullum ana ganina a ƙauyuka. Ya kwatanta mini wurin da baki, ya ce kada in rubuta.

Washegari da sassafe na shiga motar Tsafe. Ban gaya wa Inna ba, ban gaya wa maigidana gaskiya ba, na ce rigakafi za mu yi. Wanda bai bi hanyar nan a waɗannan shekaru ba ba zai gane irin shirun da ake yi a mota ba. Daga an bar gari hira take mutuwa. Kowa idonsa na kan bakin daji, direba na kallon motocin da ke tahowa, domin in suka ɗauke, to akwai abin da ya tsayar da su a gaba. Wata tsohuwa a gefena tana jan carbi har ina jin ƙarar 'ya'yansa. Ni kuma ina ta lissafin banza: wa ya riga ni tashi, wa ke da babur mai gudu, me zan tarar. Na ji tsoron mutanen daji, amma tsoron da ya fi cina shi ne in isa in tarar wurinsu ya zama toka.

Na sauka kafin Tsafe, na ɗauki ɗan kabu-kabu, na sa ya ajiye ni a wani ƙauye da nake da manoman da na sani. Sauran tafiyar da ƙafa na yi ta, ta cikin gonakin dawa da suka fi ni tsawo. Duk motsin kara sai gabana ya faɗi. Sau ɗaya na ji ƙugin babur daga nesa, na tsuguna a kunyar gona har ƙafata ta yi sanyi, ashe wani manomi ne da buhun taki.

Saniyar na fara gani, a ɗaure a gindin marke, na'urar na reto a wuyanta. Sai 'yar bukka, sai matarsa tana tankaɗe. Da ta gan ni ta saki rariyar. Taubashina ya fito daga bayan bukkar da sanda a hannu. Ya rame har na so in kasa gane shi, kuma hannunsa na hagu ba ya miƙewa sosai. Ya daɗe yana kallona.

"'Yar birni," ya ce. "Wa ya gwada miki nan?"

Na nuna wuyan saniyar. Na faɗa masa komai a tsaye, ban ko amsa gaisuwar matarsa ba. Ya saurara bai katse ni ba. Da na gama ya ce shi ya ɗauka laya ce irin ta Turawa, ta maganin ciwon shanu. Na ce ya kawo wuƙa.

Ya ce a'a.

Na ɗauka ban ji daidai ba. Ya ce saniyar habbanaye ba a taɓa komai nata. Yadda aka kawo ta haka ake mayar da ita, ko igiyar wuyanta ba a sauyawa sai da sanin mai ita. Kawu ya rufa masa asiri a lokacin da kowa ke gudunsa, ba zai sa wuƙa a abin da Kawu ya ɗaura ba. Nan raina ya ɓaci. Na ce masa mai warin nono, kai da Kawunka kunyarku za ta kashe yaran nan. Na ce to ni ba a ba ni aron komai ba, kuma ofishinmu ne ya ɗaura, ni zan kwance. Sai ya juya mana baya yana kallon dawa. Matarsa ta miƙo mini wuƙar yankan kuɓewa ba tare da ta dube ni ba.

Madaurin ya yi tauri, an yi shi ne don ya jure ƙanƙara da ƙahon dabba. Na yi ta gurzawa, saniyar na hura mini numfashi a wuya. Da ya tsinke sai na tsaya da abin a hannu, na rasa yadda zan yi da shi. In na fasa shi a nan, ɗigon ƙarshe a nan zai tsaya har abada. In na jefa a rafi, rafin ma kusa yake. Dole ya ci gaba da tafiya, ya je inda mai kallo zai ce an sayar da saniyar. Na naɗe shi a ɗankwali na cusa a ƙasan jakar magani.

Na ce musu duk da haka su tashi, domin tsofaffin ɗigon suna nan a shafin, ba ni da ikon gogewa. Matar ta dubi 'yar gonar da suka fara, waken ya soma yaɗo. Ta shiga bukka na ji tana haɗa ƙore. Taubashina ya raka ni bakin gona. Na ce ina za ku? Ya buɗe baki zai faɗa, sai idonsa ya sauka a kan jakata, ya fasa. Ya ce in gai da Inna.

Komowar ta fi zuwan wuya. Da ina tsoron abin da ke daji ne kawai, yanzu kuwa ni ce ɗigon. Jakar na kan cinyata a mota, ina jin kamar kowa na ganin abin da ke ciki. Wani saurayi a kujerar gaba ya yi ta latsa waya, na ƙura wa ƙeyarsa ido tun daga inda na hau har Gusau, na tsane shi ba tare da ya yi mini komai ba. A wani shingen jami'an tsaro aka ce a buɗe kaya. Na'ura mai magana da tauraron ɗan'adam a jakar matar da ta fito daga daji, wane bayani zan yi a yarda? Allah Ya sa jami'in ya ga kwalaben allura da warin maganin kaska, ya yamutsa fuska ya ce in rufe.

Ban wuce gida ba. Na sauka a kasuwar shanu, na yi ta zagaye tsakanin dillalai har la'asar ina yi kamar ina duba kofato, don ɗigon yamma ya same ni a can. Washegari na kai na'urar kusa da mahauta, na bar ta a shagon wata mai abinci da na sani, na ce ajiya ce. Duk mai bin jar saniya a taswira zai ga an kai ta kasuwa, an kai ta mahauta, labari ya ƙare.

Da Baturiya ta fito daga ƙanƙararta ta ga saƙonnina, nan take ta kira ni. A ranar ta sa aka rufe shafin shanun gaba ɗaya. Daga baya suka sauya tsari: ba a sake sakin ɗigon dabba sai ya tsufa, kuma sai makiyayan sun duba sun ce a saki. Ta ce ta kai maganar habbanaye gaban abokan aikinta, har wani dattijo a danginta ya ce su ma suna da irin wannan aro, bai taɓa tunanin a faɗa wa masu bincike ba. Ta tambaye ni ko wani ya je wurin. Na ce ban sani ba. Wani manomi ya ce ya ga sawun babura a gindin marken bayan kwana kaɗan, wani ya ce na masu ɗibar itace ne. Har yau ban san wanne ne gaskiya ba.

Da sallar layya ta zagayo na je gai da Kawu. Bayan an ci an sha, na matsa kusa da shi na tambaye shi a hankali inda suka koma. Na ce ba don komai ba, in san dai suna lafiya, in aika wa yaran da 'yan kaya.

"Suna lahiya," ya ce. "Jar ma ta haihu, mace."

Na ce alhamdulillahi, a ina?

Ya ɗauki sandarsa ya ce bari ya duba maruƙa. Kawun da ya goya ni a kafaɗa, wanda bai taɓa hana ni komai ba. Ban ji haushinsa ba, na dai zauna a kan tabarmar ni kaɗai har shayin ya huce.

Yanzu duk bayan wasu watanni sai a kawo wa Inna man shanu a 'yar ƙwarya, an rufe da faifai. Hannu da hannu yake zuwa, mai kawowa bai san wanda ya ba wanda ya ba shi ba. Ranar farko na ɗaga ƙwaryar ina duba sassaƙarta, ko zan gane ta wane yanki ce. Inna ta karɓe ta daga hannuna.

"Naki na ciki, shi ya ce a ba 'yar birni," ta ce. "Ki ci, ki bar dubin ƙwarya."